A Wane Gida Za a Sa Ruhi?

Ɗan yayata ne ya kawo mini littafin rubutunsa wata yamma, ya buɗe shafi biyu na tsakiya ya shimfiɗa a gabana. Shekarunsa goma sha bakwai, kuma labari yake rubutawa na wata duniya da ya ƙirƙira da kansa. A shafukan ya zana wani abu kamar itace mai rassa. Daga gindi akwai wuta, iska, ruwa da ƙasa. Sama da su ya jera ƙanƙara, walƙiya, ƙarfe, itace, guba da ƙara. Can ƙoli, da jan biro, ya rubuta haske, duhu, lokaci, sarari, wofi, mafarki da ƙaddara. Kalma ɗaya ce ta rage a gefen takarda, ya kewaye ta da da'ira har sau uku, alamar ta ba shi wahala. Ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Kawu, ruhi fa? Ƙarƙashin haske zan sa shi, ko ƙarƙashin wofi?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Na ce ya bar mini littafin, na kwana ina dubansa.

Irin wannan jadawali ya cika wayoyin matasa yanzu. Wasu daga wasannin kwamfuta suka samo shi, wasu daga finafinan zane, wasu kuma daga masu da'awar cewa sun san sirrin halitta, suna iya gaya maka ko kai "mutumin wuta" ne ko "mutumin ruwa", da wadda ta dace ka aura da wadda za ta zame maka masifa. Ra'ayina a kan lamarin shi ne: ba yawan sinadaran da aka jera ne matsala ba, ko huɗu ne ko arba'in. Matsalar ita ce ana jera su ba tare da an faɗi tambayar da jerin yake amsawa ba. Akwai jerin da ake yi don labari ya yi daɗi, akwai wanda ake yi don a gane da me aka gina duniya, akwai kuma abin da ya shafi gaibu wanda ba mu da ma'aunin da za mu auna shi. Idan aka zuba ukun a ƙwarya ɗaya, labarin ba ya lalacewa, amma ilimi da imani duka suna cutuwa.

Bari mu fara da huɗun nan da kowa ke ɗauka kamar daga sama suka faɗo. Wani Bagirke ne mai suna Emfedokilis, mutumin birnin Akragas a tsibirin Sisili, ya fara haɗa su wuri ɗaya a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya kira su saiwoyi. Kuma ba haka kawai ya faɗa ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗanyen icce yana ci da wuta ya ga abin da mutanen zamanin da suka gani: harshen wuta yana tashi, hayaƙi yana bin iska, ruwa yana tsartowa daga bakin iccen yana kumfa yana ƙara, daga ƙarshe toka ta rage a ƙasa. Ga abu ɗaya ya warware ya zama huɗu a gaban idonka. Mai hankali a wancan zamani, ba shi da madubin ƙara girma, ba shi da sikeli mai kyau, me zai ce in ba haka ba?

Aristo, babban masanin falsafar Girka, shi ne ya zo ya ɗaure maganar da igiya mai ƙarfi, kuma nan ne masu ƙare-ƙaren zamaninmu suke yin tuntuɓe ba su sani ba. Ya ce siffofi biyu ne masu kishiya: zafi da sanyi, danshi da bushewa. Wuta zafi ce da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Ba za a haɗa zafi da sanyi a abu ɗaya ba, haka danshi da bushewa, don haka haɗin da zai yiwu huɗu ne cif, babu na biyar. Ma'ana jerin nan rufaffe ne, yana da ƙofa yana da makulli. Wanda ya zo yau ya liƙa ƙanƙara a gefensa bai ƙara komai ba, domin a wannan tsari ƙanƙara ruwa ce da sanyinta ya tsananta. Wanda ya liƙa walƙiya, wuta ya maimaita. Idan kana son ka wuce huɗu da gaske, dole ka kawo sabuwar ƙa'ida da za ta haifi adadin da kake so, kamar yadda tasa ƙa'idar ta haifi huɗu. Ban ga jadawali ɗaya cikin na zamani da ya yi wannan ba.

Shi kansa Aristo ya ƙara na biyar, amma dubi dalilinsa. Ya lura cewa abubuwan duniyarmu miƙe suke tafiya, dutse ƙasa, hayaƙi sama, kuma suna ruɓewa suna canjawa. Taurari kuwa kewayawa suke yi, kuma a iya sanin mutane ba su taɓa canjawa ba. Sai ya ce ashe abin da aka yi sama da shi daban ne, daga wata zuwa sama, ya kira shi da sunan da Larabawa suka mayar asir. Wannan ƙari yana da hujja, kuma saboda yana da hujja ne aka iya rushe shi. A 1572 sabon tauraro ya bayyana a sama, Tiko Birahe ya auna ya tabbatar yana can nesa bayan wata, inda aka ce ba a canji. A 1610 Galileyo ya buga abin da ya gani da madubin hangen nesa: duwatsu da ramuka a jikin wata, kamar na ƙasa. Wajen 1860 Kirkof da Bunsen a Jamus suka nuna cewa ana iya karanta sinadaran abu daga haskensa, aka ga irin sinadaran da ke ƙasa a cikin rana. A 1868 aka ga alamar wani sinadari a hasken rana da ba a san shi ba, aka sa masa suna hiliyam, sai ga shi a 1895 an same shi a cikin wani dutse a nan duniya. Sama da ƙasa da kaya ɗaya aka yi su. Na biyar ɗin Aristo ya faɗi, amma faɗuwar mutunci ya yi, domin ya faɗi abin da za a iya dubawa, aka duba.

Sau da yawa masu jadawali kan ce, to ai Sinawa biyar gare su, Indiyawa ma biyar, don haka kowa na iya ƙara nasa. Gaskiya ne biyar ne, amma kama da wane ba wane ba ne. Na Sinawa su ne itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Babu iska a ciki sam. Kuma kalmar da suke kiran su da ita tafiya take nufi ko juyi, ba tubalin gini ba. Abin da ya dame su shi ne yadda abu ke haifar da abu, da yadda abu ke danne abu: itace ya ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta fitar da ƙarfe, a ɗaya ɓangaren ruwa ya kashe wuta, wuta ta narkar da ƙarfe, ƙarfe ya sare itace. Taswirar canji ce, da ita suke fassara damina da rani, lafiyar jiki, har da sauyin gidajen sarauta. Indiyawa kuwa nasu biyar ɗin da gaɓoɓin ji suka ɗaure su: ƙasa da ƙamshi, ruwa da ɗanɗano, wuta da gani, iska da taɓawa, sai na biyar da suke kira akasha, wanda suka ce shi ke ɗauke da sauti. Biyar ne saboda hanyoyin ji biyar ne. Ko a cikinsu akwai 'yan mazhabar Carbaka da suka ƙi yarda da akasha, suka ce ba a ganinsa ba a taɓa shi. Kowane jeri da tambayarsa, kuma tambayar ce ta yanke adadin. Ɗauko ƙarfe daga Sin, akasha daga Indiya, asir daga Girka, a jera su layi ɗaya, kamar a haɗa amsoshin jarrabawa uku ne a takarda ɗaya a ce an ci.

Dole in yi adalci a nan, domin akwai waɗanda suka sa lokaci da rai a jeri tun da daɗewa. Mazhabar Baisheshika ta Indiya ta lissafa abubuwa tara: huɗun nan, da akasha, da lokaci, da jiha, da rai, da zuciya mai tunani. To amma su ma ba su yi musu kuɗin goro ba. Sun ware huɗu na farko suka ce su ne masu ƙwayoyi ƙanana da ake haɗawa a gina jiki, lokaci da jiha da rai kuwa ba a gina komai da su, ba a gutsura su. Sun san cewa kasancewa a takarda ɗaya bai mayar da su dangi ɗaya ba.

Wannan bambanci malaman tauhidi sun daɗe da ba shi suna: jauhari da aradi. Jauhari shi ne abin da ke tsaye da kansa yana cin wuri, aradi kuwa siffa ce ko hali da ba ta tsayuwa sai a jikin wani, kamar fari a jikin ƙyalle ko motsi a jikin mai tafiya. Da wannan ma'auni kaɗai rabin jan biron ɗan yayata ya zube. Duhu ba abu ba ne da ake ɗebowa. Ka kunna fitila a ɗaki ba inda duhu ya koma, ba ka same shi ya taru a bayan ƙofa ba. Sanyi ƙarancin zafi ne. Wofi, idan ma akwai shi, sunansa ya nuna babu komai a ciki, to ta yaya rashin abu zai zama kayan gini? Mafarki hali ne na mai barci. Lokaci kuwa, ko a rukunai goma na Aristo da Larabawa suka kira maƙulat, yana ɓangaren "yaushe", ba ɓangaren "mene ne" ba. Kana iya cewa tukunya da yumɓu aka yi ta, amma ba za ka ce da ranar Talata aka yi ta ba, ko da a ranar aka gina ta.

Kada a ɗauka wannan jayayyar kalmomi ce kawai. Abubakar Arrazi, babban likitan da ya shugabanci asibiti a Bagadaza ya kuma rasu wajen 925, ya jera abubuwa biyar ya ce dukansu ba su da farko: Mahalicci, rai, asalin kaya, wuri da zamani. Likita ne da duniya ba ta manta ba, shi ya bambance ƙyanda da agana a rubuce. Amma wannan jeri nasa malaman zamaninsa da na bayansa sun yi masa ca, kuma suna da dalili: da zarar ka sa zamani da rai a sahu ɗaya da Mahalicci, ka yi magana a kan Allah ko ba ka yi niyya ba. Kafin shi, Mani, wanda ya kafa addininsa a ƙasar Farisa a ƙarni na uku, ya mayar da haske da duhu tushe biyu masu gaba da juna tun fil'azal, kowanne da sinadaransa biyar. Yaron da ya zana haske a dama, duhu a hagu, ya ba su ƙarfi daidai wa daida, bai san cewa zanen nan ya taɓa zama aƙida da mutane suka rayu suka mutu a kanta ba. Ayar farko ta Suratul An'am ta ce Allah ne Ya sanya duffai da haske, duka biyun a ƙarƙashin ikonSa suke. Jadawali yana ɗauke da aƙida a cikinsa ko mai zanen bai lura ba.

Masu neman mayar da dalma zinare su ma sun yi nasu ƙarin. Littattafan da ake jinginawa ga Jabir ɗan Hayyan sun ce dukan ƙarafa daga kibiritu da zaiba suke, bambancinsu a tsarki ne da gwargwado. Bayan ƙarnuka Farasalsus, likitan nan na ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1541, ya ƙara gishiri suka zama uku, ya ce zaiba ruhu ce, kibiritu rai, gishiri jiki. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya faɗa musu cewa rini kawai suke yi, suna canja launin ƙarfe ba asalinsa ba. Ibn Khaldun ma ya ware babi a Muƙaddima yana ƙaryata sana'ar. Ba na raina mutanen nan, domin a cikin wahalarsu aka gyara hanyoyin tacewa da narkarwa da masu kimiyya suka gada. Amma akwai farashi da aka biya. A ƙasar Sin sarakuna da dama na daular Tang sun sha haɗin da aka yi da zaiba da makamantanta don neman tsawon rai, shi ya gajarta musu kwana. An gaya musu cewa wannan ruwan ƙarfe mai sheƙi, da ba ya tsatsa ba ya bushewa, yana ɗauke da sirrin dawwama. Kwatance mai kyau ne a ido, jiki kuwa bai san kwatance ba.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne ko masu kimiyya ba su tsira daga kuskuren ba. A 1789 Labwaziye, Bafaranshen da ake kira uban kimiyyar haɗa sinadarai, ya buga jerin abubuwa 33 da ya ce ba a iya warware su. Ka san me ya sa a sahun farko? Haske da zafi. Ya ɗauka zafi wani ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga abu mai zafi zuwa mai sanyi. Shekara tara kacal bayan haka, a 1798, Ramfod yana lura da yadda ake huda bakin igwa a birnin Miyunik, ya ga muddin ana gogawa zafi ba ya ƙarewa, har ruwa ya tafasa ba wuta. Abin da ba ya ƙarewa ba zai zama ruwa da aka adana a cikin ƙarfe ba, motsi ne. Zafi ya fita daga jeri, haske ma ya bi shi. Ruwa kuwa, wanda aka yi shekara dubu biyu ana cewa tushe ne, a 1800 aka tsaga shi da lantarki ya zama haidurojin da oksijin. Iska ta zama cakuɗe, kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin. Asir ya sake dawowa da wata riga, aka ce shi ne abin da haske ke bi ya yi tafiya, sai gwajin Maikelsan da Moli na 1887 ya neme shi bai same shi ba.

Sai Mendelif a Rasha, 1869. Sinadarai 63 aka sani a lokacin. Ya jera su bisa nauyi da hali, ya tarar akwai wuraren da ba wanda ya dace ya zauna, sai ya bar su fanko, ya ce akwai masu gidan, ba a gano su ba ne tukuna, ga kuma kamanninsu. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyam, ya auna nauyinsa ya ga ya ninka na ruwa sau 4.7. Mendelif, wanda bai taɓa riƙe sinadarin a hannunsa ba, ya aika masa cewa ya sake aunawa, ya kamata ya kai 5.9. Aka tace aka sake aunawa, 5.9 aka samu. Duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Wannan shi ne jadawalin da ya san abin da mai shi bai sani ba. Yau gidajensa 118 ne, kuma kowanne yana da lambarsa bisa adadin ƙwayoyin da ake kira furoton da ke tsakiyar zarrarsa. Ba wanda zai iya cusa sabon gida tsakanin 7 da 8 don yana sha'awa. Tambayar da nake yi wa duk mai jadawalin sinadaran ɓoye ke nan: ina gidanka na fanko, kuma me zai faru gobe da zai nuna ka yi kuskure? Idan ba abin da zai iya ƙaryata shi, ba abin da yake gaya mana.

Ga mai rubuta labari ko mai shirya wasa kuwa, ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Wasan Pokémon ya fara a 1996 da nau'i 15, aka ƙara ƙarfe da duhu a 1999, aka ƙara na aljanun tatsuniya a 2013 suka zama 18, kuma dalilin ƙarin a fili yake: wasu nau'o'in sun fi ƙarfin saura, ana so wasa ya daidaita. Wannan jeri ne mai gaskiya, domin ya san tambayarsa, wato wa zai ci wa. Ɗan yayata yana da 'yancin ya sa ƙaddara a matsayin sinadari a duniyar da ya gina, muddin labarinsa ya riƙe dokokin da ya kafa wa kansa. Hasali ma ina ganin wannan aiki yana wasa ƙwaƙwalwa, yana koya wa yaro tsara tunani.

Inda nake tsayawa in ce a'a shi ne bakin iyaka, inda jerin wasa ke sa rawani ya zauna a kujerar ilimi. Misali mafi tsufa shi ne rabon haruffa. A littattafai irin wanda ake jinginawa ga Albuni, malamin da ya shahara da ilimin asirin haruffa, an raba haruffan Larabci 28 gida huɗu, bakwai-bakwai, na wuta da na iska da na ruwa da na ƙasa, ana bin jerin abajada ana rabawa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a lissafa sunan mutum a ce ga ɗabi'arsa. To amma jerin abajada biyu ne, na gabas da na Magrib. Harafin shinun 300 ne a gabas, kuma yana cikin haruffan wuta; a Magrib 1000 ne, shi ne na ƙarshe, sinun ne ya gaje gidansa na wuta. Mutum ɗaya, suna ɗaya, idan ya tsallaka daga Masar zuwa Maroko sai ɗabi'arsa ta canja? Na zamani ma haka suke, sun dai sauya tufafi: a tambaye ka watan haihuwarka ko launin da kake so, a ce kai na walƙiya ne ko na inuwa. Na ga yarinya da ta daina ƙoƙarin danne fushinta domin an gaya mata ita 'yar wuta ce, haka aka yi ta. Wannan ya dame ni ƙwarai. An ɗauki abin da tarbiyya za ta gyara an mayar da shi hatimi a goshi.

Kuma mu tuna wa ya fara auna daraja da sinadari. Da aka umarci Iblis ya yi sujada ga Adamu, hujjarsa ita ce shi ya fi shi, domin an halicce shi daga wuta, Adamu kuwa daga laka. Ya jera sinadarai, ya sa wuta sama da ƙasa, ya ciro hukunci. Abin da ya ɓace masa shi ne ruhin da aka hura, wanda ba ya cikin jerin nasa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai hadisin Nana A'isha da ke cikin Sahihu Muslim ya faɗa cewa an halicci mala'iku daga haske, aljanu daga harshen wuta, Adamu daga abin da aka siffanta mana. Ashe haske sinadari ne ke nan. Na yi imani da hadisin kamar yadda ya zo. Amma labari ne aka ba mu, ba kayan awo aka miƙa mana ba. Ba a ce hasken nan shi ne wanda ke fita daga kwan lantarki yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ba, ba a kuma ba mu izinin gina rassa a kansa mu ce ga abin da yake rinjaya ga abin da ke rinjayarsa ba. Mu kanmu da aka ce daga laka muke, ba wanda ya yanke jikinsa ya ga laka. Idan asalinmu da muke gani ya ɓoyu haka, ina ga na waɗanda ba mu gani?

Za a kuma ce masana sararin samaniya da kansu sun yarda cewa abin da suka sani na kayan duniya bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, saura suna kiransa baƙin kaya da baƙin ƙarfi, har wasunsu suka aro tsohon sunan na biyar ɗin Aristo suka laƙaba wa wani hasashensu. To me zai hana sinadaran ɓoye su kasance a can? Amsa ita ce ba da zato aka kai ga waɗannan ba. Zuwiki a 1933, da Bera Rubin a shekarun 1970, sun auna gudun tarin taurari suka ga nauyin da ake gani bai isa ya riƙe su ba. A 1998 aka auna hasken taurari masu fashewa aka ga faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Gidajen fanko ne irin na Mendelif, an san girmansu da lamba, kuma masu binciken a shirye suke su watsar da su idan awo ya saɓa. Rashin sanin masana ba fili ba ne da kowa zai je ya kafa bukkarsa.

Sai ruhi. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da shi, amsar ta sauko a aya ta 85 ta Suratul Isra'i: ruhi daga al'amarin Ubangijina yake, kuma ba a ba ku daga ilimi ba sai kaɗan. Malamai sun yi rubutu mai yawa a kan halayensa, amma manyansu sun tsaya a bakin haƙiƙarsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, mutum ne da bai ji tsoron falsafa ba, ya shiga cikinta ya fito, har ya gargaɗi masu kishin addini da jahilci cewa kada su ƙaryata lissafin husufin rana da wata, don suna jawo wa addini raini. Shi ɗin ne kuma ya kame bakinsa a kan sirrin ruhi. Ina ganin wannan kamewa biyu daga tushe ɗaya suke, wato sanin me ake aunawa da me ba a aunawa. Sa ruhi a ƙarƙashin haske ko wofi yana nufin ka san jinsinsa, ka san abin da ya haɗa shi da maƙwabtansa da abin da ya raba su. Ba mu san ko ɗaya ba.

Da yaron ya dawo karɓar littafinsa, na zaunar da shi muka bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ya rubuta a saman shafin cewa wannan dokar duniyar labarinsa ce, ya rubuta. Ya mayar da ƙanƙara ƙarƙashin ruwa da kansa. A kan duhu mun daɗe muna ja, ya ce in ya cire shi mugun labarin ba shi da makami, na ce ya bar shi, labarinsa ne. Lokaci ma ya ƙi sakinsa, yana da wata tsohuwa a babi na shida da ke saƙa shi kamar zare. Da muka zo kan kalmar da ya kewaye sau uku, ya yi shiru yana juya biro a hannunsa, sannan ya ce, "Kawu, to in bar shi a gefen kawai?" Na ce masa e. Ya rufe littafin, ya ce gobe zai kawo mini babi na shida in karanta.